Kwit Notis a Zauren Kawu

Da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, ma'aikata suka kwararo Birnin Kebbi, har mai kango ya fara taƙama. Lokacin ina koyar da Turanci a sakandare, ina zaune gidan kawuna a Badariya.

A ɗakunan baya akwai wani magini mutumin Gulma da iyalinsa. Ba haya yake biya ba, saukar baƙo aka yi masa irin ta da. Kowace kaka ya kawo shinkafa da busasshen kifi, shi ke nan. Akushi ɗaya suke ci da Kawu. Sai wani ma'aikaci ya ƙyalla ido kan ɗakunan, yana son kama su haya.

Kawu ya kira ni zaure, wai in koya masa yadda ake tayar da ɗan haya da Turanci. Na ce abin hawa-hawa ne. Kwit notis gargaɗi ne, a ba mutum wa'adi ya nemi wuri. Ibikshan kuwa sai kotu, ita ke turo mutane su watso kaya waje. Ya ce na farkon ya ishe shi, ya yi ta maimaitawa kamar mai hadda. Wallahi raina ya ɓaci, don na gano shi. Kunya ta hana shi ce wa abokin cin tuwonsa "tashi", shi ne zai ari bakin Bature.

Bayan la'asar magini ya dawo, laka har gwiwa. Kawu ya kafa wa tabarma ido ya ce, "Na ba ka kwit notis."

Mutumin ya juyo wurina. "Malam, mi Alhaji yac ce?"

Ni kuwa ba a ɗora mini kayan da ban ɗauka ba. Na ce, "Kawu, ni ba tafinta ba ne. Hwaɗa mai da Hausa."

Kawu ya harare ni, ya yi gyaran murya, ya gyara hula. Can ya ce, "Cewa niy yi katangar baya ta tsage, ka duba ta kahin ruwa."

Na yi murna, na ɗauka an gama. Ashe mutumin ya gane sarai. Ya gyara katangar tsaf, har da yaɓe. Ranar da ta bushe ya kira mai amalanke ya loda kayansa, matarsa na share hawaye. Kawu ya bi su har bakin titi ba takalmi, yana cewa, "Don Allah ka tsaya!" Mutumin ya yi godiya, ya ce a yafe masa, ya wuce.