Zakaran da Aka Ɗora Tare da Mijina

A shekarar da muka gina sabon rumbu, tun Turawa ba su tafi ba, mijina ya karye. Muna zaune a wani ƙauye kusa da Manchok. Maza sun taru ɗora jinka, shi yana kan tsani yana karɓa, sai tsanin ya goce, jinkar ta biyo shi. Da na fito daga madafa, na ga ƙashin ƙaurinsa ya huda fata ya leƙo waje, jini yana bin ƙasa. Ban taɓa sanin ƙashin mai rai fari ne haka ba.

Na ce a kai shi asibitin Kafanchan. Surukata, mahaifiyarsa, ta ƙi. Ta ce ta ga leburorin jirgin ƙasa da suka shiga can da ƙafa biyu suka fito da ɗaya da sanda, kuma ɗanta manomi ne, da me zai taka gona? Aka aika wa wani dattijo mai ɗori, wanda ya taɓa gyara hannun ƙanena har ya koma riƙe fartanya. Duk mun san aikinsa.

Ya zo, maza suka danne mijina, ya ja ƙafar ya mayar da ƙashin. Ya shafa magani, ya jera tsagin gora, ya ɗaure da tsumma tamau. Sannan ya nemi zakara. A gabanmu ya karya masa ƙafa, ya ɗora ta da tsinke kamar ta mutum. Ya ce ranar da zakaran ya taka, ranar za a kwance ɗorin, kada kowa ya taɓa kafin nan.

Ni aka ba wa kiwon zakaran. Na sa shi a kwando a bakin ɗaki. Masu zuwa gaisuwa sukan leƙa kwandon kafin su shiga ciki, har matan majami'a, in sun gama addu'a, sai su tambayi lafiyar zakara. Mijina yana kiransa abokin jinya. Yakan ce na fifita shi, shi tsabar acca, mai gida kuwa kunu.

Kwanakin farko ciwo ya hana shi sakat, ya ce kamar ana hura wuta a cikin ƙafar. Ya roƙi a sassauta ɗaurin, surukata ta tuna masa da maganar dattijon. Yatsun ƙafar suka kumbura, suka yi sanyi. Sai wata safiya ya kira ni yana murmushi.

"Maman yara, ciwon ya tafi. Ko tsinke kika soka ba na ji."

Muka gode wa Ubangiji, surukata ta yi guɗa. Akwai wari a ɗakin, amma mun ɗauka na magani ne.

Da zakaran ya fita daga kwando ya bi kaza a guje, aka kira dattijon. Yana warware tsumman, fata ta biyo shi. Ƙafar baƙa ƙirin tun daga yatsu har kusa da gwiwa. Ba wanda ya yi kuka. Dattijon ya zauna a ƙasa da tsumman a hannu, ya daɗe yana kallo.

"Ku kai shi Kafanchan," ya ce. "Yanzu."

A kan ƙyauren ɗaki aka ɗauke shi zuwa tasha, muka shiga jirgin ƙasan da ke saukowa daga Jos. A asibiti wani malamin jinya ɗan yankinmu ya yi mini bayani da yarenmu, a hankali. Ya ce ƙafar ta kumbura, ɗaurin bai ba ta wuri ba, hanyar jini ta toshe. Ranar da ciwon ya daina, ranar ƙafar ta mutu. Na tuna guɗar, na kama bango.

Likita ya yanke ta a saman gwiwa. Mijina ya farfaɗo, ya tambaye ni ko an gama rufe rumbun, na ce an gama. Amma ruɓar ta riga ta shiga jini. Ya rasu kafin Lahadi ta zagayo.

Da muka dawo daga jana'iza, zakaran yana tsakar gida yana tono. A al'ada na mai ɗori ne, amma bai zo ya karɓa ba. Surukata ta hana a yanka shi, ni kuma ban sake iya watsa masa tsaba ba. Ya daɗe a gidan yana cara a gindin rumbun, ko ɗingishi ba ya yi.