Mutumin da Ba a Bi Ta Bayansa

Mai sayar da tikiti a tashar mota tana kallon wani mutum ta taga. Dogo ne, furfura ta ci rabin gemunsa, gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa. Usur na rataye a wuyansa. An ɓamɓare tambarin ƙungiya daga ƙirjin rigarsa, sai shatin zare.

"Tsohon mai tsaron baya ne a ƙwallon ƙafa, ya koma koci," in ji wani direba. "Sun sallame shi. Yau wata ƙungiya za ta gwada shi."

Ba ya duban fuskar kowa, ƙafafu yake kallo. Duk wanda ya nufi bayansa, sai ya ja da baya, ya mayar da shi gabansa. Da alama bai ma san yana yi ba.

Motar da zai shiga na tsayawa, jama'a na turereniya, shi kuwa yana ta ja da baya har kowa ya shige. Ta cika, ta tashi.

"Baba, sai ta gobe fa," mai tikitin ta ce masa.

Ya gyaɗa kai, ya waiga. Babu kowa a bayansa. Ko mutum ɗaya bai tsere masa ta baya ba.