Longji da Ƙwallon Bayan Shinge

Duk wanda yake zuwa filin besbol na bayan wata makaranta a garin Laurel na Amurka ranar Lahadi da yamma ya san Longji. Baƙi ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, furfura ta fara cin gemunsa. Ranakun aiki yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani katafaren sito, ranar Lahadi kuwa daga coci sai fili, wani lokaci ma da takalmin cocin a ƙafarsa. Shi ne mai jifa a kulob ɗin dattawan unguwar, waɗanda suka haura arba'in amma suka ƙi yarda sun tsufa.

Ba wanda ya koya masa jifa. A Pankshin ya tashi, cikin duwatsun Filato, kuma aikinsa tun yana ƙarami shi ne korar birai daga gonar masarar babansa. Birin dutse ba ya tsayawa a jefe shi, sai ka auna inda zai sa ƙafa ka aika dutsen can. Da ya zo Amurka, wani abokin aikinsa ya gan shi ya jefa gwangwani cikin kwandon shara daga can ƙarshen sito, sai ya ja shi fili.

A wasan nan mutum ɗaya ke jefa ƙwallo, wani daga ɗaya ɓangaren ya tare ta da kulki ya maka. In ya maka ta ta tsallake shingen fili gaba ɗaya, shi ake kira homron: mai dukan ya zaga tashoshi uku a tsanake, ya dawo ya taka farin faifan da ake kira gida, a rubuta wa kulob ɗinsa ci. Masu jifa ba su cika iya wannan ba, hannunsu na jifa ne.

Longji kuwa a shekararsa ta farko ya maka wata ƙwallo da har yau tsofaffin kulob ɗin suke labarinta. Ta tashi sama, ta tsallake shinge, ta faɗa lambun tumatir na wata tsohuwa da gidanta ke manne da filin. Longji ya taka tasha ta farko, ya hango inda ƙwallon ta sauka, sai ya miƙe sak zuwa shinge ya haura. A Pankshin haka ake yi. Wanda ya buga ƙwallo ta faɗa gidan mutane, shi zai je ya yi sallama, ya ba da haƙuri, ya ɗauko. Ba a tura wani, ba a kuma ci gaba da wasa kamar ba a yi komai ba.

Ya dawo da ƙwallo a hannu, da tumatir biyu da tsohuwar ta ba shi, ya tarar rabin fili na birgima don dariya. Alƙalin wasa ya ce tunda ya bar hanyarsa bai zaga ba, ya fita, ba homron ba ci. Kulob ɗinsu ya sha kashi a ranar. Kocinsu, wani dogon Ba'amurke mai suna Alexander, bai yi faɗa ba, abin da ya yi ya fi faɗa ciwo. Doka ta yarda a naɗa wani ya riƙa duka a madadin mai jifa, sai ya naɗa. Daga ranar aka raba Longji da kulki.

Shekaru suka yi ta tafiya, yana jifa, wani yana duka da sunansa. Abin ya tsaya masa a rai sosai, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Abin da bai taɓa yi ba shi ne cewa ya yi kuskure.

Amininsa Sirajo, Bakano ne mai aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington, ba ya gajiya da tsokanarsa. Yakan zo kallo daga Gaithersburg da kujerarsa ta naɗewa.

"Mutumin Filato, ka haƙura mana," in ji Sirajo. "Ko a manyan kulob-kulob na ƙwararru yanzu an hana mai jifa riƙe kulki. Wanda ya fi kowa homron a cikin masu jifa zalla, duk rayuwarsa bai buga guda arba'in ba, kuma ya daɗe a ƙasa. An rufe wannan babin. Kai da ɗaya tal, ita ma tsohuwa ta saye ta da tumatir."

"Ɗayar tawa ce," in ji Longji. "Kowa ya ga ta tsallake. Kuma ko gobe na jefa wa mutum abu a gida, sai na je na ba shi haƙuri. Ba a daji aka haife ni ba."

Bara kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo, har ta kai ba ya iya sa riga sai matarsa Constance ta taimaka. Constance nas ce, ba ta da wasa a kan irin wannan. Ita ta ja shi wurin likita, likita ya ce sai an yi aiki, kuma bayan aikin ba sauran jifa.

"Baban Abby, ka ji da kunnenka," ta ce masa a mota. "Wasan Lahadin nan shi ne na ƙarshe. In ka ƙara, ka nemi mai sa maka riga."

"Na ji, Maman Abby," ya ce. Hankalinsa na wani wuri, domin in Lahadin nan ta wuce bai riƙe kulki ba, shi ke nan, zai bar wasan ba homron ko ɗaya da sunansa, sai labarin tumatir.

Ranar Lahadi, ana shirin farawa, ya je gaban Alexander ya ajiye safar hannunsa a kan benci. Ya ce masa da Turanci, a fili kowa na ji, yau in ba zai yi duka ba, ba zai yi jifa ba. Alexander ya ce wasan yau babba ne, ba ranar gwaji ba ce. Longji ya zauna ya fara kwance igiyar takalmi. Kulob ɗin ba su da wani mai jifa in ban da wani mai gyaran haƙori da ƙwallonsa ke tafiya kamar an aike ta kasuwa. Alexander ya dube shi, ya dubi mai gyaran haƙorin, ya yi tsaki, ya ce ya ɗaura takalminsa.

Shigarsa ta farko abin kunya ce. Sau uku ya kai duka, sau uku ya maki iska, na ukun har hular kwanonsa ta faɗi. A doka, wanda ya rasa sau uku ya fita ke nan. Sirajo ya rufe fuska da jarida. Constance ko dariya ba ta yi ba, ta ga yadda ya riƙe kafaɗar yana komawa benci.

Wasa ya yi nisa, jifansa ya fara rauni, kowa na gani. Alexander ya ce mai gyaran haƙori ya fara motsa jiki. Sai layi ya sake zagayowa kan Longji, kuma ya san ba zai samu shiga ta uku ba.

Ƙwallon farko ta wuce shi. Ta biyu ya kai mata duka ya rasa, zafi ya tsarga masa har wuya. Mai jifan ɗaya ɓangaren ya ga tsoho ya gaji, sai ya sako ta uku a sake, ta tsakiya. Longji ya tattara abin da ya rage a kafaɗar nan ya sauke mata, yadda ake sauke wa damin dawa sanda ranar sussuka. Ƙarar kaɗai ta isa. Ƙwallo ta tashi, ta tsallake shinge, ta faɗa lambun nan dai.

Fili ya kaure. Alexander na tsalle yana nuna masa hanya da hannu biyu, Sirajo ya hau kan kujerarsa yana ihu, "Zaga! Don Allah zaga, kada ka je ko'ina!"

Longji ya taka tasha ta farko ya tsaya. Ya dubi shinge, har ihun ya fara komawa salati. Sannan ya juya ya zaga, a hankali, hannun dama na rataye kamar ba nasa ba. Ya taka ta biyu, ya taka ta uku, ya zo gida ya sa ƙafa biyu a kan faifan, ya tsaya yana kallon alƙali ido cikin ido har sai da alƙalin ya ɗaga hannu ya ce an ci.

'Yan kulob suka yo kansa za su ɗaga shi, ya ratsa ta tsakiyarsu ya wuce. Can ƙarshen fili wani ɗan wasan ɗaya ɓangaren ya riga ya ɗora ƙafa a kan shinge zai haura. Longji ya daka masa tsawa da Hausa, ya manta ma mutumin ba ya ji.

"Kai, sauko! Ni na buga!"

Mutumin ya sauko. Longji ya kama shingen da hannun hagu ya gwada haurawa, jiki ya ƙi. Sai ya cire hular kwano ya riƙe a hannu, ya bi ta ƙofar fili ya fita titi, ya zagaya har ƙofar gidan tsohuwar, ya ƙwanƙwasa.