Tsugunno a Hanyar Maska

Ina da shekara arba'in da shida na fara gudu, kuma ba don sha'awa ba. Likita ne ya ɗaura min abin awo a dantse, ya dubi abin, ya dube ni, ya ce jinina ya hau. Ya ce in ban rage fushi na riƙa motsa jiki ba, wata rana a gindin inji za a kwashe ni. Injin casar masara nake ja ƙauye-ƙauye tun da aka sallame mu daga gidan gurzar auduga. Fushin dai ban san inda ake rage shi ba. Motsa jikin na ce zan gwada.

Ni ba na iya zama. In na zauna ƙafata rawa take yi, kaina kuma yana ta niƙa abin da ya wuce: fitar da ni da aka yi daga sakandare ina aji uku, gonar gado da aka raba aka bar min wajen tsakuwa, mutanen da na yi wa casa suka koma suna cewa injina na fasa ƙwaya. Matata ta ce ko tuwo a tsaye nake ci, kamar wanda mota ke jira.

Ranar da na fara fita bayan garin Funtua da gudu, sai da na tashi hankalin wata 'yar unguwa. A ƙasarmu, yadda zaman lafiya ya zama, babba ba ya gudu a banza. Wasu mata masu tsinkar ganyen miya suka hango ni, suka watsar da kwanduna suka yi cikin dawa suna salati. Wani mai keke ya juya ya bi bayana yana tambaya, "Sun zo ne? Ta ina?" Ni kuma ba numfashin ba shi amsa. Sai da 'yan sintiri suka tare ni, na yi bayani ina haki, ɗaya ya ce, "Haba Malam, da furfurarka? Ka je ka yi noma mana, shi ma gumi ne."

Mutum ɗaya ne bai yi min dariya ba, mai shagon da nake sayen bel da man inji. Iyayensa 'yan kudu ne, amma a Funtua aka yanke masa cibiya, Hausa kuwa har ni yake gyara wa. Kirista ne, mun yi shekara ashirin muna faɗa kan farashi. Shi ya ce min ya taɓa shiga wani gudu can garin kakanninsa, rabin gudun fanfalaki, kilomita ashirin da ɗaya.

"Ƙafa ba ita ce matsala ba, Malam," in ji shi. "Kai ne. Daga kilomita sha biyar, kanka zai fara kawo maka dalilai masu kyau na ka tsaya."

A bakin shagon akwai benci, inda masu sayen hatsi ke zama da yamma. Wani Alhaji a cikinsu, mai tumbi, ya ce, "Wannan? Ai ko makaranta bai gama ba, balle hanya." Aka kwashe da dariya. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce wallahi kafin a gama kaka sai na yi ashirin da ɗayan nan, ba tsayawa, ba takawa, ba hawa babur. Na faɗa a gaban mutum takwas. Da na koma gida na ji nauyin abin da bakina ya ɗauko, amma ya riga ya fita.

Muka auna hanya da mitar babur ɗin mutumina mai shago, daga bayan gari ta hanyar Maska zuwa wata tsamiya da ke gefen titi. Wata uku ina koyo. Ƙafa ta saba da wuri. Kan ne, kamar yadda ya faɗa.

Dabarar da ya fara ba ni ita ce in riƙa gaya wa kaina ni mai ƙarfi ne, in kuma yi murmushi. Na gwada. Mutumin da ya san kansa ba ya jin wannan ƙaryar, murmushin kuma ƙuda ya sa na haɗiye. Sai na ƙirƙiro tawa: kowace kilomita in ɗauko mutum ɗaya da ya cuce ni, in yi ta zaginsa a zuci har ta ƙare. Mutane ba su yi min kaɗan ba, sun fi ashirin da ɗaya. Amma fushi sauri yake sa mutum. Kafin in kai kan yayana da rabon gona na ƙone ƙurmus, ina riƙe da gwiwa a kilomita takwas, zuciya na dukan haƙarƙari. Sau huɗu haka na faruwa.

Abin da ya yi min aiki, a gona na tsince shi. Lokacin muna yara, in za mu yi noma, mahaifina ba ya barin mu ɗaga kai mu dubi ƙarshen gona. Kunyar da kake ciki ita kaɗai ce taka. In ka kai bakinta kuma ba ka miƙewa, ba ka zama, juyawa kake yi ka faɗa ta gaba tun bayanka bai gane an huta ba. Sai na mai da falwayoyin lantarki kunyoyi. Daga wannan zuwa waccan, shi ke nan aikina a duniya. In na kai, in ce "ɗaya", in faɗa ta gaba, ita ma in ce "ɗaya". Ban taɓa cewa biyu ba. Inda babu falwaya, bishiya ko kwalbati. Da haka na kai sha biyu, na kai sha biyar, kaina ya yi shiru karo na farko tun ina saurayi.

Abu ɗaya na sani game da hanyar nan na kuma raina shi. Gonar surukina, mahaifin matata, tana bakin titi wajen kilomita sha shida. Na yi lissafi cewa tsoho ne mai ciwon gwiwa, ba ya fitowa sai hantsi ya dubi ludayi, ni kuwa kafin nan na wuce.

Ran Asabar ɗin, da aka sallame asuba, na sa dogon wandon 'yan ƙwallo da kambas. Mutumina ya bar shago a rufe ya hau babur yana gaba, da jarkar ruwa, yana gaya wa duk wanda ya gani, "Lafiya lau ne, motsa jiki yake!" Kaka ta yi nisa, an mamaye gefen kwalta da shanyar masara da tattasai, dole ina gudu ina kaucewa. Ƙaurin tattasan ya shiga hancina. Ɗaya. Ɗaya. Goman farko sun wuce kamar ba ni ba. A sha uku cinyata ta fara magana, na ce mata ba ni da labarin komai sai falwayar can. A sha biyar kan ya fara kawo dalilansa: likita bai ce ka kashe kanka ba, Alhajin nan ma wa ya san shi, waye zai ciyar da yara. Na bar shi yana surutu, na ce ɗaya.

Sai na ga babur ya rage gudu. Mutumina ya waiwayo, fuskarsa ta canza.

"Malam, akwai matsala. Baba na bakin hanya."

Surukina na zaune kan tabarma a gindin ɗorawa, da sandarsa, ana ɗaure masa buhuna. Ashe ranar zai kwashe masara, ya sa aka kawo shi tun da duku-duku. Tsakanina da shi falwaya uku.

Duk wanda ya tashi a nan ya san ba a wuce suruki. Ba a ɗaga masa hannu, ba a yi masa sallama daga nesa. Sauka ake yi daga abin hawa, a tsuguna har ƙasa, a sunkuyar da kai, a jira shi ya sallami mutum. Shekara goma sha tara ina auren 'yarsa ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Kuma ga ma'aikata suna kallo.

"Ka sunkuyar da kai ka wuce," in ji mutumina, yana tafe a gefena. "Bai gani sosai. In ya tambaya na ce wani mahaukaci ne daga Malumfashi."

"Ya ganni."

"To ka yi ta gudu a wuri ɗaya kana gaishe shi. 'Yan ƙwallo na yi."

"In yi wa uban matata tsalle-tsalle a gaba?"

Falwaya biyu. Na nemi dabara a kaina ban samu ba. Duk abin da na koya wata uku na yadda zan hana kaina tsayawa ne, ban tanadi komai ba don ranar da tsayawar ce daidai. Na tuna mutum takwas a benci. Na tuna matata in labari ya je mata cewa mijinta ya wuce ubanta a guje kamar ɓarawon akuya. Falwaya ɗaya. Ƙafafuna da kansu suka sauka daga kwalta.

Na tsuguna.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. Lafiya dai? Wa ya biyo ka?"

"Ba kowa, Baba."

"To madalla. Ina gajiya?"

"Ba gajiya," na ce, gumi na ɗiga daga haɓata kan ƙasa.

Ya tambayi mutanen gida. Ya tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ke goye, ko haƙoranta sun fito. Ya tambayi inji. Ya tambayi yadda masara ke tashi a Funtua, ya ce an gaya masa ta faɗi, ko gaskiya ne. Ina amsawa ina jin jijiyoyin ƙafata suna ɗaurewa ɗaya bayan ɗaya, daga dunduniya zuwa ƙugu, kamar ana zuba min siminti. Mutumina na tsaye ya cire hula, yana duban agogo a ɓoye.

"Wai ina za ka haka ba ko taguwar kirki?"

"Wajen tsamiyar can, Baba."

"Me ke akwai a can?"

"Ba komai."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Sannan ya ce, "To, Allah ya kyauta. A gaida gida."

Na yunƙura in tashi, ƙafa ta ƙi. Na sake yunƙurawa, na tafi ta baya na zauna daɓas cikin ɓawon masara. Ma'aikatan suka juya baya, kafaɗunsu na rawa. Tsohon nan mai ciwon gwiwa shi ya miƙo min sandarsa, mutumina ya kama ni ta hammata, suka tashe ni kamar buhu.

"Hau babur, Malam," ya ce a hankali. "Ya isa."

Ban hau ba. Na koma kan kwalta na fara wani abu da ba zan kira shi gudu ba, amma ba tafiya ba ce. Biyar ɗin da suka rage ban ƙirga falwaya ba, ban zagi kowa ba. Na riga na san na karya abin da na faɗa, ban san dalilin da ya sa nake ci gaba ba, jikina dai ya ƙi yarda a ɗora shi a babur a gaban gonar nan. Na kai tsamiya na rungume ta, na yi amai.

Mutumina ya ba ni ruwa. Ya ce, "Ka yi ashirin da ɗaya, da idona na gani. Minti shidan can ba wanda zai ji daga bakina. Gaisuwa ai ba hutu ba ce, ka fi shan wuya a tsugune."

Na ce, "Na ce ba tsayawa."

Da yamma na ja ƙafa na je benci, na gaya musu da bakina. Alhaji mai tumbi ya yi dariya har da tari, ya ce dama ya faɗa. Wani dattijo ya ce ai na yi abin da ɗan halak zai yi, ban ji daɗin wannan ba ma. Rantsuwa dai ta hau kaina, na yi kaffararta a satin.

Kwana biyu bayan nan ƙanwar matata ta zo daga ƙauye da ƙullin kuka da saƙon Baba. Ina kwance a tsakar gida, ƙafa bisa turmi, na ji suna ƙus-ƙus a ɗaki. Matata ta fito tana gyara ɗankwali, ta ƙi haɗa ido da ni.

"Malam, wai Baba ya ce a tambaye ka ko ya yi maka wani laifi ne."

"Laifin me?"

"Wai ka gaishe shi ba ka cire takalmi ba."

Ƙafar da ke bisa turmi ta fara rawa da kanta. Na ce ta miƙo min waya, na kira mutumina na tambaye shi ko akwai mai a babur ɗinsa, mu je mu auna wata hanyar. Sannan na ce mata ta zauna ta lissafa min duk danginta da ke da gona a bakin titi tsakanin nan da Malumfashi, kada ta tsallake ko ɗaya.