Kwalbar da Danladi ya kai aji

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Danladi, kuma har yau ina zuwa ajin yaƙi da jahilcin da muka shiga tare a Kazage. Shi Bagwari ne Kirista, ni Bahaushe Musulmi, iyaka ɗaya ce ta raba gonakinmu tun zamanin iyayenmu. Abin da ya kai mu makaranta da furfura a gemu ba sha'awar boko ba ce. Wata damina Danladi ya sayo maganin ciyawa ya fesa wa masararsa, ashe na feshi kafin shuka ne. Bayanin yana nan a jikin kwalbar da Turanci. Gonar ta ƙone ƙurmus. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Muka yi rajista. Mun koyi karatu da rubutu da Hausa ba wata wahala, amma da aka zo Turanci sai aka sauya salo. Malami zai rubuta kalmomi a allo, kowace da ma'anarta, ita ma ma'anar da Turanci, mu yi ta rerawa har mu haddace. Mun haddace ma'anar ƙanƙarar da ke zuba a ƙasar Turawa, mun haddace ta jirgin ruwa. Ni mutum ne mai haƙuri, nakan ce a bi a hankali. Danladi kuwa bai iya ba. Ran nan ya zo da kwalbar nan da ta cinye masa gona, ya dangwarar da ita a kan tebur.

"Malam, ga littafina," in ji shi. "Koya mini wannan, ka riƙe ƙanƙararka."

Aji ya kwashe da dariya. Malamin, yaro ne mai ladabi, ya ce ba ta cikin manhaja, kuma jarrabawa ba za ta tambaye ta ba. A hanyar gida na ce wa Danladi mai haƙuri yakan dafa dutse. Ya ce, "To Musa, in ya dahu ka aiko mini da romon." Bai kai ƙarshen shekarar ba, zazzaɓi ya ɗauke shi.

Nakan tambayi kaina, da zai leƙo yau me zai ce? An rufe ajin saboda rashin tsaro an sake buɗewa, malamai sun sauya, amma rerawar tana nan yadda ya bar ta. Kwanan baya aka ba mu ma'anar daji: wuri mai faɗi da itatuwa suka lulluɓe. Mu da muka bar gonakinmu na bakin daji don tsoro, mu ake gaya wa haka. Na rubuta amsar da kalmomina a jarrabawa, aka soke, wai ba haka take a allo ba. Wanda ya haddace bai gane ba ya ci, wanda ya gane bai haddace ba ya faɗi. Wannan wane irin awo ne?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne zuwan Lami, matar marigayin, farkon daminar nan. 'Yar gonar bayan gari kaɗai ta rage mata, masararta ta kai gwiwa. Ta miƙo mini kwalbar magani, ta ce, "Baban Sa'a, kai da ka daɗe a makaranta, duba mini. In fesa?" Na juya kwalbar, na gane masara, na gane ruwa, amma kalmomin da ke faɗin lokacin feshi ban taɓa gamuwa da su a allo ba. Na ce ta dakata, ta ba ni aron kwalbar zuwa gobe.

Danladi bai bar takardar shaida ba, bai ma gama aji ba. Abin da ya bari shi ne taurin kan tambayar abin da ya kawo shi. Da la'asar na shiga aji, an rubuta sababbin kalmomi ana jiran mu rera. Na wuce bencina, na ajiye kwalbar Lami a kan teburin malami, na ce ba zan zauna ba sai mun karanta ta. Muka karanta tare, layi bayan layi. Na kafin shuka ne.