Zanen Fuskar Iya

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron masana su ce na yi kuskure. Larura ce ta sa na daure.

Kyamara biyu ta fim nake da su tun ina ɗaukar hoto a unguwar Lamisula, duka da hannu ake murɗa zobensu a saita. Ta Rasha nauyi gare ta kamar dutsen niƙa, ba ta taɓa lalacewa ba, amma sai idonka ya gaya maka hoto ya fito. Ta Japan kuwa akwai 'yar da'ira a tsakiyar gilashin leƙawa, an raba ta biyu. In ka auna abu mai tsaye, za ka gan shi a karye, ka yi ta murɗawa har ya haɗe.

Wasu da bakin ƙofa suke aunawa. Ni da zanen fuskar mutanenmu na saba, tunda a tsaye yake sauka. Da zanen kunci ya haɗe, sai in danna. Duk da haka nakan sake dubawa, har wanda nake ɗauka ya gaji da murmushi.

Yanzu idona ya yi rauni. Gilashin ta Japan ya tsage, masu gyara a Kasuwar Litinin sun ce ba su da irinsa. Ga mahaifiyata ta tsufa ƙwarai, tana son hoton da za a bar wa jikoki. Ƙanwata ta ɗauke ta da waya, Iya ta duba hoton ta mayar mata.

"Wannan wace amarya ce? Ina zanena? An goge ni kamar faranti."

Na gwada da ta Rasha a tsakar gida. Na murɗa gaba, na murɗa baya.

"Kai, kafin ka gama sai na ƙara tsufa," in ji ta.

Da aka wanko, tabarmar bayanta ta fito ɗaya-ɗaya, fuskar kuwa dishi-dishi. Ta shafa hoton ta ce, "Tabarmar ta yi kyau." Maganar nan ce ta fi damuna.

Tun azumi take yawan kwanciya. Don Allah, wanda ya san inda ake samun irin wannan gilashi mai rababbiyar da'ira, ko mai tsohuwar kyamarar da zai ara mini na yini ɗaya, ya tambayi mai hoto a Lamisula. Zan riƙe ta da amana.