Jajayen awakin da na tsallakar zuwa tsibiri

Edita, ni dillalin dabbobi ne, ɗan Arewa mazaunin Anacha. A lokacin da abin nan ya faru ina zaune a unguwar Fegge, ina sauke awaki daga tirela ina sayar wa mahauta, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Ina jin yaren Ibo, ina jin Turancin buroka, akuya kuwa kallo ɗaya nake yi mata in san ko za ta kai mako. Wannan sanin ne ya sa laifina ya fi na kowa.

Shekarar da aka yi babbar ambaliya, ruwa ya cinye gonaki da dabbobin wani tsibiri da ke tsakiyar kogin Kwara. Sai ga wata ƙungiyar Turawa ta zo da niyyar tayar da mutanen, wai kowane gida za a ba shi awaki biyu ya yi kiwo. Aka haɗa ni da jami'arsu, wata Baturiya mai fara'a, na kai ta kara, inda ake cinikin dabbobi. Na nuna mata gajerun awakin Kudu, waɗanda suka saba da laima da cizon ƙuda. Ta yamutsa fuska, ta ce waɗannan ba za su yi kyau a hoto ba, masu ba da taimako a ƙasarsu za su ce an raina musu hankali. Ta nuna jajayen awakinmu na Arewa, dogaye masu sheƙi. Wallahi na san akuyar da ta tashi a busasshiyar ƙasa ba za ta jure wurin da ko da rani takalmi ke nutsewa ba. Har na buɗe baki, sai na tuna akwai dillalai goma a bayana suna jiran in yi gardama a ba su aikin. Na ce mata lallai ta iya zaɓe.

Wannan ma da sauƙi. A sana'armu, dabbar da ta sha doguwar tafiya a tirela ba a haɗa ta da na gida sai an ware ta mako biyu, an ga wadda za ta yi majina ko zawo. Ko sabon shiga ya san haka. Amma ina! Shugaban ƙungiyar zai sauka ranar Asabar don bikin rabo, an buga allo, an yi hayar rumfa, awaki kuma sai Alhamis suka iso. Na ga uku idonsu na ruwa, hanci na zuba. Na sa tsumma na goge, na loda su a kwalekwale.

A tsibirin akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Mama. Lokacin ambaliyar ta ɗora gajerun awakinta bakwai a kwalekwale, ta yi kwana huɗu da su a kan ruwa, su kaɗai suka tsira a duk garin. Ashe mutanen sun riga sun yi shirinsu, duk abin da bakwai ɗin suka haifa za a bi gida-gida ana rabawa har kowa ya farfaɗo. Ba wanda ya tambaye su, ranar bikin sai jawabi ake yi ana ta tafa hannu. Mama ta ja ni gefe, ta kira ni ɗanta, ta ce ita ba ta san Baturiya ba, mu 'yan Arewa ta sani da dabba, in gaya mata tsakani da Allah ko sababbin awakin nan lafiyayyu ne, don tare da nata za su yi kiwo. Na dafa ƙirji na ce lafiyarsu ƙalau.

Ba a rufa mako uku ba jajayen suka fara faɗuwa, ciwon ya bi ta kan na Mama bakwai ya share su. Na nemi Baturiyar a waya, aka ce wa'adin aikin ya cika, an tura ta wata ƙasar tsibiri can cikin teku, kuma rahoto ya nuna an yi nasara. Nasara! Har yau in na tuna kalmar nan sai raina ya ɓaci.

Sai bayan wata biyu na iya komawa, da gajerun awaki biyu a hannuna. Allon yana nan, da hoton Mama tana murmushi riƙe da jar akuya. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta nuna mini turakun da ba komai, ta ce ruwa ya bar mata bakwai, taimako bai bar mata ko ɗaya ba. Da na miƙa mata igiya ta ƙi karɓa. Ta ce in ɗaure su can bakin kogi su yi mako biyu tukuna, yanzu ita ma ta san abin da ni na sani tun farko.

Shi ya sa in na ji a rediyo manyan ƙasashe za su je ceto wata ƙaramar ƙasa, ba Turawan nake fara tunawa ba. Baƙo bai san gari ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda nake tunawa shi ne irina, ɗan gari da ya san gaskiya ya haɗiye ta don kada ciniki ya wuce shi. 'Yan uwana dillalai da duk mai shiga tsakani, in kun ga majina ku ce majina ce. Ni na goge ta da tsumma, kuma tsohuwar da ta kira ni ɗanta ba ta sake kirana haka ba.